Allurar lantarki don gashin haɓa da jijiyoyin fuska: yadda za ki bi abin daki-daki

Akwai matan da ba sa fita sai sun tsaya gaban madubi da ɗan hantsaki sun tsige gashin da ya tsiro musu a haɓa. Wata takan ja hijabi har ƙasan leɓe, a ɗauka kunya ce, alhali gemu take ɓoyewa. Wata kuma kumatunta ne suka yi ja, ƙananan jijiyoyin jini suka fito ɓaro-ɓaro kamar saƙar gizo-gizo, hoda ta kasa rufe su. Ko tsakanin ya da ƙanwa ba a cika yin wannan zancen ba. Dukansu biyu kuwa da kayan aiki iri ɗaya ake magance su: siririyar allura da ake sakar wa ɗan ƙaramin lantarki.

Aikin yana ci, wannan babu tantama. Sai dai a irin baƙar fatarmu, hannun da bai ƙware ba zai raba ki da gashin ya bar ki da baƙin tabon da ya fi gashin muni. Shi ya sa rabin abin da zan faɗa ya shafi abin da za ki yi tun kafin allura ta kusanci fuskarki.

Abin da allurar ke yi a cikin fata

Kowane gashi yana da ramin da yake fitowa daga ciki, a ƙasan ramin kuma akwai saiwar da ke ciyar da shi. Ba huda fata ake yi ba. Allurar, wadda kaurinta bai wuce na gashin ba, ana zura ta ne ta wannan ramin har ta kai saiwa, sannan a saki lantarki ya kashe ta. Saiwar da ta mutu ba ta ƙara fitar da gashi.

Likitan ido ne ya fara wannan, Charles Michel na birnin St. Louis a Amurka, wanda a 1875 ya bayyana yadda yake cire gashin ido da ke juyawa ciki yana gogar ƙwayar ido. Hanyarsa ita ce ta farko cikin uku da ake amfani da su har yau. A cikinta lantarkin yana haɗuwa da ruwa da gishirin da ke jikin mutum ya zama soda, irin sodar nan da ake haɗa sabulu da ita, ɗigo kaɗan a gindin gashin, ita ce ke cinye saiwar. Tana da tabbas amma tana da nawa, gashi ɗaya kan ci rabin minti ko fiye. A 1924 Henri Bordier na Liyon a Faransa ya kawo hanyar zafi, inda bakin allurar ke ɗumama naman da ke kewaye da shi ya dafa saiwar cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Daga baya Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka haɗa biyun wuri guda, suka yi wa na'urarsu rajista a 1948. Ita ake kira gauraye.

Wannan bambancin ya shafe mu kai tsaye. Gashinmu murɗaɗɗe ne, raminsa ma a lanƙwashe yake a cikin fata, allura kuwa miƙaƙƙiya ce. Zafi yana aiki ne daidai inda bakin allurar ya tsaya, soda kuwa ruwa ce, tana gangarawa ta bi lanƙwasar. Don haka ga gashin haɓa mai kauri da murɗewa, ni gauraye na fi amincewa da ita.

Mataki na farko: a gano abin da ya kawo shi

Nan mutane suka fi tsallakewa, nan ne kuma kuɗi ya fi salwanta. Allura tana kashe gashin da ya riga ya fito, ba ta hana jiki tayar da sabo.

Idan gashin haɓa da gashin baki ya zo tare da rikicewar al'ada, ƙuraje, ƙiba, ko jinkirin samun ciki, ki fara da likitan mata. Mafi yawan irin wannan gashin daga cutar nan ta ƙwan mace da ake kira PCOS yake, wadda ke sa homon ɗin maza, wato sinadarin jiki da ke fito wa namiji da gemu, ya yi yawa a jiki. Likita zai iya sa gwajin jini da hoton mara, ya rubuta magani, misali ƙwayar tsarin iyali ko spironolactone. Ba a shan na biyun da ciki, kuma kowannensu sai ya yi kamar wata shida kafin a ga canji a gashi. Idan kuwa cikin 'yan watanni gashin ya taso gadan-gadan, murya ta fara kauri, gaban goshi ya fara sanƙo, to ki manta da zancen kwalliya tukuna, ki je asibiti a makon nan. Wani lokaci ƙari ne a ƙwan mace ko a ƙullin da ke saman ƙoda.

Sai kuma abin da ba a son a faɗa: man bilicin. Da yawa daga cikin mayukan da ake haɗawa a kasuwa, da ƴan bututun nan da ake matsawa cikin man shafawa, suna ɗauke da wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, clobetasol ko betamethasone. Ki duba jikin kwalin za ki ga sunan. Shafa su wata da watanni yana sa fata ta yi siriri kamar ledar biredi, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, gashi ya tsiro a kumatu da gefen fuska. Wato matsalolin biyu da muke magana a kansu, kwalba ɗaya kan haifar da su. Ba zargi nake yi ba, na san irin matsin da ke kai mace ga mai. Amma fatar da sitiroyid ya cinye ba ta warkewa da kyau, sa mata allura neman tabo ne. Ki ga likitan fata ya tsara miki yadda za ki janye a hankali, domin tsayawa farat ɗaya bayan dogon amfani yakan sa fuska ta yi zafi ta feso da ƙuraje. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano da na Shika a Zariya, suna da likitocin fata. Sai fata ta dawo hayyacinta, wanda kan ɗauki watanni, sannan a yi maganar allura.

Jijiyoyi ma suna da nasu labarin. Akwai mai ɗigon ja a tsakiya da ƙafafu kewaye kamar gizo-gizo, idan kin danna ta ɓace, kin saki ta sake cikowa daga tsakiya. Ɗaya ko biyu ba komai. Masu ciki kan same su, kuma yawanci sukan tafi da kansu bayan haihuwa. Amma idan sun yi yawa a fuska da ƙirji da hannuwa, a gwada hanta, balle a ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa. Haka idan ɗigon ja na fitowa a leɓe da harshe da yatsu, ga yawan haɓo a dangi, wannan ciwon gado ne, aikin likita ne.

Mataki na biyu: allurar ce ta dace da ke?

Ga gashi, abokiyar gasarta ita ce leza, na'urar da ke ƙona gashi da haske. Leza tana bin baƙin launin da ke cikin gashi ne, kuma baƙar fata ma tana da wannan launin, shi ya sa take iya ƙona mu. Wadda ta fi aminci a gare mu ita ce Nd:YAG mai lamba 1064. Na'urar walƙiya da ake kira IPL, wadda ta cika shagunan gyaran jiki saboda araha, ki nisance ta idan fatarki baƙa ce ko wankan tarwaɗa mai duhu. Leza tana da sauri a wuri mai faɗi kamar ƙafa da hammata, amma rage gashi take yi, kuma ba ta ganin furfura sam. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka allurar lantarki ta amince a kira mai cire gashi har abada, leza kuwa mai rage shi. Allura ba ruwanta da launin fata ko na gashi. Saboda haka ga haɓa, leɓen sama, wuya, kewayen nono, da furfurar gemu, ita ce a gaba.

Ga jijiyoyi, allurar zafi ta dace da sirara na fuska, waɗanda ba su kai milimita ɗaya ba, irin na gefen hanci da kumatu. Na ƙafa daban ne. Jini yana danno su da ƙarfi daga manyan jijiyoyin ciki, don haka an fi yi musu allurar magani da ke manne jijiyar ta rufe. Idan kuwa sun kumbura sun murɗe, ƙafa na nauyi da yamma, sai an yi hoton jijiya a asibiti. Duk wanda ya ce zai ƙona miki su a shago, ki ɗauki jakarki.

Na'urorin gida masu kama da hantsaki, da ake cewa a kama gashi lantarki ya bi ta cikinsa zuwa saiwa, asarar kuɗi ce. Gashi ba ya ɗaukar lantarki yadda za a ce ya kai shi ƙasa. Tsigewa ce kawai da batir.

Wasu kan tsaya a kan hukunci. Hanin da ya zo a hadisi kan tsige gira sananne ne, amma malamai da dama, cikinsu har da Imam Nawawi, sun ware macen da gemu ko gashin baki ya fito mata, suka ce cire shi ba laifi. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Mataki na uku: waɗanda za su dakata

Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ba a yi mata sai da izinin likitan zuciya. Mai ciki ta bari sai ta haihu. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, mai farfaɗiya, da wadda ta sha isotretinoin na ƙuraje cikin wata shida da suka wuce, duk su fara da likita. Ba a yi a kan ƙurji, ko ƙurajen leɓe irin na bayan zazzaɓi da suka fito, ko cikin hanci da kunne. Gashin da ke kan tawadar Allah ma sai likita ya duba tawadar.

Babbar tambaya a gare mu ita ce tabo mai tudu, wanda ke girma ya wuce girman ciwon. Ki duba hujin kunnenki, da shaidar rigakafi a kafaɗa, da duk wani tsohon yanka. Idan akwai wanda ya kumbura ya yi ƙulli, ki faɗa tun kafin a tambaye ki. Muƙamuƙi da ƙirji na cikin wuraren da irin wannan tabon ya fi so.

Mataki na huɗu: zaɓen mai aiki

Na'ura ba ta aiki, hannu ke yi. Ki je ganin wuri ba da niyyar a yi miki ranar ba. Ki tambayi inda ta koya da tsawon lokacin da ta yi tana yi, wace hanya na'urarta ke bi cikin ukun nan, sannan ta nuna miki hotunan aikinta a kan baƙar fata bayan wata uku, ba hoton da ta sauko da shi daga intanet ba. Ki tambaya ko tana da allura mai rufi, wadda bakinta kaɗai ke fitar da zafi. Ita ce ke kare saman fata, kuma a wurinmu saman fata ne ke yin baƙi.

A kan tsafta babu sassauci. Allura sabuwa, a ɓare ta daga leda a gabanki, a jefar bayan an gama. Hantsaki a dafa shi a tukunyar tururi ta asibiti mai kai zafi digiri 121 a ma'aunin Celsius, ba a goge da sifirit kawai ba. Safar hannu sabuwa. Ciwon hanta da ƙanjamau ta irin wannan sakaci suke bi. Ki kuma lura da wutar wurin: na'urar da aka jona kai tsaye da janareto mai hawa da sauka, ba tare da sitabilaiza ko inbata ba, ba zan miƙa mata fuskata ba. Idan wurin da za a yi na al'aura ne, ki tabbatar tun a waya cewa mace ce za ta yi.

Mataki na biyar: gwaji

Ki nemi a yi gashi goma zuwa ashirin a ƙarƙashin haɓa inda ba a gani, ko jijiya ɗaya a gefe. Sai ki koma gida ki jira sati uku zuwa huɗu. Baƙin tabo ba ya nuna kansa a ranar, sai bayan kwanaki. Idan wurin ya warke sumul, bismillah. Idan ɗigo-ɗigon baƙi ya fito, ko a rage ƙarfi a sake gwadawa, ko ki canza hannu. Kada a yi wannan saura wata ɗaya biki. Amaryar da ke so ta fara, ta fara tun ana maganar sa rana, ko ta bari sai ta tare.

Mataki na shida: shiri

Daga yau kin yi sallama da tsigewa da halawa da zare a wurin da za a yi aiki. Na san wannan ne mafi wuya. Amma gashin da kika tumɓuke ya ɓuya ke nan na makonni, mai aiki ba za ta same shi ba, ga shi yawan tsigewa na karkatar da ramin. Almakashi ko reza kawai. Maganar cewa aski na ƙara wa gashi kauri ba gaskiya ba ce, bakinsa ne da aka yanke yake jin kaushi. Ki aske kwana uku kafin ranar, duk wanda ya tsiro a tsakanin shi ne mai rai da ya fi saurin mutuwa.

Sati ɗaya kafin nan ki ajiye dilka da duk wani abin goge fata. Ki sha ruwa sosai, domin fata mai laima ta fi karɓar aikin, abin lura ne musamman da hunturu. Ki je da fuska wankakkiya ba hoda. Idan kina tsoron zafi, akwai man kashe zafi mai lidocaine da ake shafawa kamar awa ɗaya kafin a fara. Wannan na gashi ne. Idan jijiya za a yi kada ki shafa, yana tsuke ta ta ɓace wa mai aiki.

Mataki na bakwai: a kan gadon aiki

Za a goge wurin, a haska fitila, mai aiki ta sa madubin ƙara girma. Shigar allurar bai kamata ki ji ta kamar suka ba, tunda rami take bi. Abin da za ki ji shi ne ɗan zafi kamar cizon cinnaka lokacin da aka saki wuta. Leɓen sama, daidai ƙarƙashin hanci, ya fi ko'ina, har hawaye kan zubo.

Ga ma'aunin da za ki auna aikin da kanki. Bayan an saki wuta, gashin ya zamo ya fito salin-alin, da ɗan farin kube a gindinsa. Idan kina jin ana fizga kamar yadda kike ji in kina tsigewa, to tsigewa ake yi miki kina biya, zai dawo. Idan kuma kina jin ƙara ɗas-ɗas, ko fata na yin fari tana manne wa allura, wuta ta yi yawa. Ki yi magana nan take, fuskarki ce. A zaman farko kada a share wuri ɗaya ƙaf, a riƙa tsallakawa ana barin tazara. Zama kan ɗauki minti 15 zuwa awa ɗaya.

Na jijiya ya fi sauri. Bakin allura ake ɗan taɓawa a kan jijiyar, ɗigo-ɗigo da tazara a tsakani, zafin ya dafa jinin da bangonta, ki ga jan layin ya ɓace a take. Daga baya jiki ya shanye ta. Ba a bin wuri ɗaya sau da yawa a zama guda, abin da ya saura a bar shi sai bayan sati huɗu zuwa shida. A baƙar fata a yi kaɗan-kaɗan ya fi, don zafin a nan kusa da saman fata yake sauka.

Mataki na takwas: kwanakin warkewa

Ja da ɗan kumburi kamar cizon sauro na awanni ko kwana ɗaya ba abin damuwa ba ne. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsafta ki ɗora. Kwana biyu na farko ba hoda, ba turare a wurin, ba ruwan zafi, ba tsuguno, ba tsayawa kan murhu fuska na shan tururi. Alwala da ruwa mai tsafta ba matsala, ki dai dafa da tawul kada ki goge. Ki sa hijabi ko niƙabi wankakke wanda ba ya gogar haɓa.

Ƙananan ɓawo kamar kan allura za su iya fitowa. Kada ki ɓamɓare, za su faɗi da kansu cikin mako guda ko kwana goma. Farce ne ke mayar da su tabo. Dilka da kurkur sai bayan sati biyu. Sannan rana: ki shafa man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama kullum, ko da kina ganin baƙar fata ba ta buƙata. Rana ce ke mayar da ɗan ja ya zama baƙi. Idan baƙin ya fito duk da haka, yawanci yakan dushe cikin watanni, kuma don Allah kada ki kai masa man bilicin. Idan kuwa wurin ya yi ruwa, ko mugunya, ko zafi na ƙaruwa bayan kwana biyu, asibiti.

Tsawon tafiyar da lissafin kuɗi

Gashin da kike gani yau ba shi ke nan ba. Kowane rami yana da lokacin tsiro da lokacin hutu, wasu suna barci a ƙasa sai bayan watanni su farka. Don haka idan kin ga gashi bayan sati uku, yawanci ba wanda aka kashe ne ya tashi ba, maƙwabcinsa ne ya farka. Da farko za ki riƙa zuwa duk sati ko sati biyu, sannan duk wata, zaman yana gajarta. Haɓa kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai PCOS ko wadda ta shekara goma tana tsigewa takan wuce haka. Maza masu ƙurajen aski a wuya su ma suna amfana, sai dai gashin gemu yana da yawa da zurfi, tafiyarsu ta fi tsawo.

Jijiyoyin fuska kan buƙaci zama ɗaya zuwa uku. Wadda aka rufe ta rufu, amma sababbi za su fito idan rana ko mai na nan yadda suke.

Da minti ake biyan aikin gashi, don haka ki nemi mai aiki ta ƙiyasta miki jimillar awanni, ki lissafa kuɗin shekara ba na zama ɗaya ba, kuma kada ki biya duka a gaba. Ki ɗauki hoton wurin da wayarki kafin a fara, bayan kwana uku da aski, a bakin taga da hasken safe. Ki sake ɗauka a wuri ɗaya duk wata biyu. Idan an kai wata huɗu zuwa shida kina zuwa a kan kari, ba kya tsigewa, amma hotunan ba su nuna ragi ba, ki koma wurin likita a sake duba homon, ki kuma gwada wani hannun a gefe ɗaya na haɓar ki kwatanta.